Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastoci da dattawan ikilisiyoyin ƙauyukan Kano da Jigawa, a kan Littafin Anuhu da ire-irensa

Iyayena cikin Ubangiji,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Sannunku da aiki, sannunku da ɗawainiyar garken da aka ba ku amana, tun daga ƙasar Sumaila da Tudun Wada da Rogo da Karaye har zuwa Roni da Kazaure. Allah ya ƙara ƙarfi.

Ni ɗanku ne, ajin samari da 'yan mata nake riƙe da shi a makarantar Lahadi ta wata ƙaramar ikilisiya. Roƙo na zo yi, kuma a fili nake so in yi shi, domin abin ya wuce ƙauye ɗaya. Ku buɗe wasiƙar Yahuza a gaban jama'a, ku karanta aya ta 14 da ta 15, inda ya kawo annabcin Anuhu, ku faɗa wa yaranmu inda wannan magana ta fito da abin da hakan yake nufi. Ku faɗa musu da bakinku, da Hausar da suke ji. Akwai masu faɗa musu ta wata hanya, kuma sun riga sun yi nisa.

Kun san yadda rani yake a wajenmu. Da an kai hatsi rumbu sai samari su kama hanya, wani Kano, wani Kaduna, wani Abuja, wasu har Legas da Fatakwal. Kafin ruwan shuka sun dawo da ɗan abin da suka samo, da waya cike da kaya. A shagon mai cajin waya ake rabon, wannan ya tura wa wancan ta Xender, ko a ɗora a WhatsApp na zumuntar matasa. Cikin abin da ake rabawa a 'yan shekarun nan har da wa'azin masu cewa akwai littattafan da aka cire daga Littafi Mai Tsarki aka ɓoye, kuma babbansu shi ne Littafin Anuhu, wanda yaran suka fi sani da Inok. Hujjar masu wa'azin hawa-hawa take. Yahuza ya ɗauko magana daga Littafin Anuhu. Tunda ya ɗauko, littafin maganar Allah ne. Tunda maganar Allah ne kuma babu shi a Littafinka, wani ne ya cire. Tunda fastonka bai taɓa faɗa maka ba, ko dai bai sani ba, ko kuma da shi aka haɗa baki.

Hawa na farko gaskiya ne, Iyayena, kuma shi ya ba sauran ƙarfi. Yahuza ya ce Anuhu, na bakwai daga Adamu, ya yi annabci cewa ga Ubangiji yana zuwa da dubun dubatar tsarkakansa domin ya yi wa kowa shari'a, ya kuma kama marasa tsoron Allah da laifin ayyukansu da miyagun maganganun da suka yi a kansa. Duba Farawa sura 5. Labarin Anuhu daga aya ta 21 zuwa ta 24 ne: ya haifi Metusela, ya yi tafiya tare da Allah, ya shekara 365, sai ba a ƙara ganinsa ba domin Allah ya ɗauke shi. Ko kalma ɗaya daga bakinsa ba a rubuta ba. Maganar da Yahuza ya kawo tana nan a Littafin Anuhu sura 1 aya ta 9, kusan kalma da kalma.

Amma amsar da yaro ya fi samu in ya zo da wannan tambaya ita ce, “Littafin shaiɗan ne, kada in ƙara jin ka da shi.” Na san da kyakkyawar niyya ake faɗa, so ake a kare shi. Sai dai littafin yana aljihunsa. Zai koma ɗaki ya ɗora aya kan aya, ya ga sun zo daidai, ya tambayi kansa yadda aka yi maganar littafin shaiɗan ta shiga Sabon Alkawari. Daga ranar ba zai ƙara tambayar fasto ba. Dattawa su ɗauka ya gamsu, alhali ya yanke a ransa cewa mutumin cikin waya ya fi fasto faɗin gaskiya. Gobe in mutumin ya yi magana a kan baftisma, ko aure, ko shi kansa Almasihu, yaron zai karɓa da hannu biyu. Wannan ne yake hana ni barci, ya fi littafin kansa.

Wata Lahadi kafin a shiga aji na tarar da wata yarinyar ajina a bayan majami'a, kusa da randar ruwa, tana jiƙa bakin ɗankwalinta tana dirje ido. Idon har ya yi ja, baƙin kwallin ya bi kumatu. Na ce, “Lafiya?” Ta ce yayanta ne ya ce kwalli koyarwar wani mala'ika ne da ya faɗi, mai suna Azazel, duk macen da ta sa ta shiga hannunsa. Har ya ɗauke tandun kwallin kakarsu ya jefar. Tsohuwar nan ta yi baftisma tun ba a haifi ubansa ba, tana cikin waɗanda suka ɗebo ruwa a ka aka kwaɓa ƙasar ginin majami'ar, yau jikanta yana gaya mata tana bin mala'ikun duhu. Yaron ba ƙarya ya ƙirƙira ba. Littafin Anuhu sura 8 ta faɗi haka: Azazel ya koya wa mutane ƙera takuba da wuƙaƙe da garkuwoyi, ya nuna musu ƙarafa da yadda ake sarrafa su, da mundaye da kayan ado da kwalli da gyaran ido. Aya ɗaya ce ta haɗa kwallin tsohuwa da wuƙar maƙeri. Wanda zai kafa doka da ita dole ya rufe maƙera, ya rabu da lauje da fartanya, alhali Farawa 4:22 ta nuna mana mutum ne, Tubal-kayinu, ya shahara da aikin tagulla da baƙin ƙarfe. Babu wanda ya zaunar da yaron ya nuna masa wannan. An dai yi masa faɗa a kan rashin kunya ga tsohuwa, wanda ya cancanta, aka bar tushen maganar yana nan.

Abin da nake so a koya musu ba sabon abu ba ne, Littafin da ke hannunsu cike yake da shi. Marubutan Nassi sun sha ɗauko magana daga waje, ba su kuma taɓa ɓoye hakan ba.

Ku dubi Bulus a Atina, Ayyukan Manzanni sura 17. Yana tsaye a Tudun Arasa a gaban mutanen da ba su san Musa ba, ba su san Ishaya ba. Sai ya ce musu, kamar yadda waɗansu mawaƙanku suka faɗa, mu ma zuriyarsa ne. Wannan layi yana cikin waƙar Aratus, mutumin ƙasar Kilikiya, yankin da garin Bulus, Tarsus, yake. Ya rayu wajen shekara 300 kafin Bulus, kuma waƙar tasa a kan taurari da alamun yanayi take, ya buɗe ta da yabon Zafsa, babban gunkin Helenawa. Shi ne Zafsan da firist ɗinsa ya kawo bajimai da furanni a Listira, a sura 14, har Bulus da Barnaba suka kyakketa tufafinsu suna roƙon mutane su rabu da waɗannan abubuwan banza. Mutumin da ya keta rigarsa saboda Zafsa shi ne ya ɗauki layi ɗaya daga waƙar yabon Zafsa, domin layin gaskiya ne in an mayar da shi ga mai shi, ya kuwa yi amfani da shi a nan take ya rushe bautar gumaka: tunda mu zuriyar Allah ne, bai kamata mu zaci Allah yana kama da zinariya ko azurfa ko dutse ba. Ban taɓa jin wanda ya ce a nemo waƙar Aratus a liƙa ta bayan Ayyukan Manzanni ba.

A Titus 1:12 ya kawo maganar wani mutumin Karita a kan 'yan'uwansa Karitawa, cewa kullum maƙaryata ne, mugayen dabbobi, ragwaye masu haɗama. Malaman ikilisiya na farko sun ce Efimenides ne. Bulus ya kira shi annabinsu, ya ƙara da cewa shaidar nan gaskiya ce. A 1 Korantiyawa 15:33 kuma, a tsakiyar surar tashin matattu, ya ce zama da miyagu yakan ɓata halin kirki, maganar da aka sani a wasan kwaikwayon Menanda na Atina. Baba Fasto, sau nawa kai ma ka tsaya a kan bagadi ka ce “zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai”? Jama'a suka gyaɗa kai, domin gaskiya ce. Kakanninmu da suka yi wannan karin magana ba su san bishara ba, wasu cikinsu a gindin tsamiya suke yanka. Faɗarka ba ta mayar da dukan karin maganar Hausa Nassi ba, ba ta kuma wanke tsafin da suka yi ba. Ka ɗauki wadda ta yi daidai ka sa ta aiki. Bambancin kawai shi ne, abin da Bulus ya ɗauka ya rubuta, Ruhu Mai Tsarki ne ya bishe shi, saboda haka maganar a inda ya ajiye ta, da ma'anar da ya ba ta, ta zama tamu. Littafin da aka ciro ta yana nan a matsayinsa na dā.

Tsohon Alkawari ma haka. Littafin Ƙidaya 21:14 ya ambaci Littafin Yaƙoƙin Ubangiji. Joshuwa 10:13 da 2 Sama'ila 1:18 sun ambaci Littafin Yashar. Littattafan Sarakuna sun yi ta cewa sauran ayyukan sarki wane suna rubuce a littafin tarihin sarakunan Yahuza ko na Isra'ila. Luka da kansa ya ce mutane da yawa sun riga shi rubutawa, shi kuma ya bi diddigi. A 2 Timoti 3:8 Bulus ya kira masihirtan da suka yi gāba da Musa da suna, Yannes da Yamberes, sunayen da babu su a Fitowa, daga labarin da Yahudawa suke riƙe da shi suka zo.

Na san yaro mai kaifin kai zai ce, “Malam, Yahuza bai ce mawaƙi ya faɗa ba, cewa ya yi Anuhu ya yi annabci.” Tambaya ce mai nauyi, bai kamata a kauce mata ba. Ga abin da nake gani. Yohanna 11:51 ta ce Kayafa, babban firist ɗin da ya shirya kashe Yesu, ya yi annabci sa'ad da ya ce gara mutum ɗaya ya mutu saboda jama'a. Bal'amu ya yi annabcin gaskiya a kan Isra'ila, shi ne kuma Yahuza ya kawo a aya ta 11 a matsayin misalin ɓata. Annabci na gaskiya yakan fito daga bakin da ba dukan maganarsa ce abin bi ba. Sa'an nan abin da ayar ta ƙunsa, zuwan Ubangiji da tsarkakansa domin shari'a, ba baƙo ba ne. Yana Maimaitawar Shari'a 33:2, yana Zakariya 14:5, Yesu ya faɗe shi a Matiyu 25:31. Yahuza ya sa hannu a kan wannan magana, mun karɓe ta. Bai ce “a rubuce yake” ba, bai kuma sa hannu a kan sura 108 da littafin yake da su ba. Haka zancen jayayyar Mika'ilu da Iblis a kan gawar Musa a aya ta 9 ta wasiƙar Yahuza, wanda malaman farko irin su Orijen suka ce daga wani littafin Yahudawa a kan ƙarshen Musa ya fito. Abin da Yahuza yake koyarwa da shi a fili yake: babban mala'ika ma bai yi zagi ba, cewa ya yi Ubangiji ya tsawata maka, balle waɗannan masu girman kai da suka saɗaɗo cikin ikilisiya.

Batun ɓoyewa kuwa, tarihi ya ƙaryata shi, kuma tarihin yana da daɗin ji. Masana sun nuna cewa littafin tarin rubuce-rubuce ne na mutane dabam-dabam, mafi tsufa a cikinsu wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, wato dubban shekaru bayan Anuhun da ya rayu kafin ruwan tufana. Yahudawa sun san shi, sun karanta shi, ba su sa shi cikin Nassinsu ba. Ikilisiyar farko ta yi muhawara a kansa a fili, kuma da yawa cikin manyan masu muhawarar 'yan Afirka ne. Tartuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, wajen shekara ta 200, ya goyi bayan littafin, hujjarsa kuwa ita ce ta yaranmu: Yahuza ya ambace shi. Jerom, malamin da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya rubuta cewa mutane da yawa a zamaninsa sun ƙi wasiƙar Yahuza kanta saboda ta ɗauko daga Anuhu. Atanasiyus na Iskandariya, a wasiƙarsa ta Ista ta shekara ta 367, ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari kamar yadda muke da su, da Yahuza a ciki, babu Anuhu. Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, ya ce ba za a musa cewa Anuhu ya faɗi abin Allah ba tunda Yahuza ya shaida, amma littattafan da ke yawo da sunansa ba a iya tabbatar da asalinsu ba, shi ya sa ba a karɓe su ba. Ikilisiya ta ga ramuka biyu, na masu cewa a shigo da Anuhu da na masu cewa a fitar da Yahuza, ta bi ta tsakiya. Taron Nikiya na 325 da ake yawan ɗora wa laifin cire littattafai bai zauna a kan jerin littattafai ba, a kan allahntakar Almasihu ya zauna.

Littafin kuma bai taɓa ɓata ba. Ikilisiyar Otodoks ta Habasha ta riƙe shi cikin harshen Ge'ez, tana kwafe shi da hannu a kan fata ɗaruruwan shekaru, har yau yana cikin littattafanta 81. Wani matafiyi ɗan Sikotlan, James Bruce, ya kai kwafinsa Turai a 1773, aka buga shi da Turanci a 1821. Bayan makiyaya sun gano tsofaffin rubuce-rubuce a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri a 1947, an samu gutsattsarinsa cikin harshen Aramiya a kogo na 4. Abin da yake kasuwa shekara 200 ba a kira shi asiri. Yaro da ya ji wannan daga bakin fastonsa, mutumin cikin waya ba zai ƙara burge shi ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake cewa ku da kanku ku karanta shi, kada ku tsaya a kan ji. In kun karanta za ku iya nuna wa yaro da yatsa inda ya rabu da bishara. Littafin ya ce mala'iku 200 ne suka sauka a Dutsen Harmon suka auri 'yan mata, ya kuma ɗora kusan dukan lalacewar duniya a kansu, har ya ce a rubuta dukan zunubi a kan Azazel. Bulus kuwa ya ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, Romawa 5:12. Yesu ya ce daga cikin zuciyar mutum mugayen tunani suke fitowa. Wanda ya yarda laifin na mala'iku ne, tuba za ta yi masa nisa. Sa'an nan a sura 71, kamar yadda rubutun Habasha ya zo, bayan an daɗe ana kwatanta wani Ɗan Mutum mai zama a kursiyin ɗaukaka, sai aka juya aka ce wa Anuhu kansa, kai ne Ɗan Mutum ɗin. Mu mun san wanda ya kira kansa Ɗan Mutum a gaban majalisa, aka kuma gicciye shi saboda haka.

Abin da ya fi damuna ya shafe mu ne musamman, mu jikokin Maguzawa. Littafin Anuhu cike yake da sunayen mala'iku da aikin kowannensu: Uriyel, Raguwel, Sariyel, Remiyel, wannan shi ke kan kaza, wancan shi ke kan kaza. A littattafai 66 da ke hannunmu, mala'ikun Allah masu tsarki biyu kaɗai aka kira da suna, Mika'ilu da Jibra'ilu. Iyayenmu sun fito daga gidajen da aka san sunan kowane iska da abin da yake so, Sarkin Rafi, Ɗan Galadima, Inna, Kure, kowa da kiɗansa da launin dabbar da ake yanka masa. Da hawaye wasu suka rabu da wannan, wasu aka raba su da gado, wasu aka hana su aure. Zuciyar da ta gaji wannan tsari ba ta da wuyar komawa gare shi in an canja masa riga. Na riga na ji saurayi yana addu'a a kan mara lafiya yana kiran sunayen mala'iku ɗaya bayan ɗaya, kowanne da aikin da zai yi. Bulus ya yi kashedi a kan bautar mala'iku a Kolosiyawa 2:18, ya kuma ce matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane. Fasto a Ingila yana iya ɗaukar wannan ƙaramin abu. A wajenmu ba ƙarami ba ne.

Duk da haka ba na roƙon a haramta karatu. Akwai amfani a cikin waɗannan tsofaffin littattafai ga wanda ya san matsayinsu. Yohanna 10:22 ta ce Yesu yana Haikali lokacin Idin Tsarkakewa, da hunturu. Ka bincika Tsohon Alkawarinmu kaf ba za ka ga inda aka kafa wannan idi ba. Labarinsa yana littattafan Makabiyawa: sarki Antiyokus ya ƙazantar da Haikali, Yahudawa suka yi yaƙi suka ƙwato shi, suka tsarkake shi a shekara ta 164 kafin haihuwar Almasihu. Ibraniyawa 11:35, waɗanda aka azabtar suka ƙi karɓar kuɓuta domin su sami tashi mafi kyau, tana ƙara haske in ka san labarin uwa da 'ya'yanta 7 da aka kashe ɗaya bayan ɗaya a 2 Makabiyawa sura 7. Mu da muka san abin da ake nufi da tsananta wa mutum saboda bangaskiyarsa, wannan labari ba zai cuce mu ba. Martin Luta a 1534 ya ce littattafai irin su Makabiyawa ba daidai suke da Nassi ba amma suna da amfani, suna da kyau a karanta. Ikilisiyar Angilikan ta ce a karanta su domin koyon zaman kirki, kada a kafa koyarwa da su.

A nan sai a yi hattara da harshe. 'Yan'uwanmu Katolika suna da littattafai 73, da Makabiyawa a ciki, mu muna da 66. Wannan tsohon bambanci ne da kowa ya san dalilinsa, kuma Anuhu ba ya cikin na kowannenmu. A ƙauyukan da mu duka 'yan kaɗan ne, muna binne matattunmu tare, ba daidai ba ne a hau bagadi a ce littafin ɗan'uwa na shaiɗan ne. A faɗi matsayinmu da dalilinsa, a tsaya nan. Wanda ya kamata a faɗa wa sunansa ƙarara shi ne abin da ake turawa da sunan Littafin Yashar. Na ainihin ya ɓace. Ɗaya daga cikin masu yawo yanzu an fara buga shi a Benis ta Italiya a 1625, ɗayan kuma jabu ne da wani mai ɗab'i ya ƙaga a Ingila a 1751. Sunan kawai suka ara.

Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san irin wannan matsala a nasu fagen, game da labaran da suka shigo tafsiri daga Bani Isra'ila. Malamansu irin su Ibn Kasir sun kasa su uku: wanda littafinsu ya gaskata, wanda ya ƙaryata, da wanda bai ce komai a kai ba. Almajiri a zaure yana iya faɗa maka wannan. Na kawo shi ne domin in nuna cewa mutumin ƙauye yana iya riƙe irin wannan bambanci in an koya masa. Kada a ce abin ya fi ƙarfin jama'armu. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, tsofaffinmu a ajin yaƙi da jahilci suka koyi karanta shi, da fitilar ƙwai, bayan sun dawo daga gona.

Ga roƙona, Iyayena. A taron fastoci na gaba a ware zama guda domin wannan, wanda ya yi karatu mai zurfi a cikinku ya bi da sauran cikin wasiƙar Yahuza aya aya, da Littafin Anuhu a buɗe a gefe. Bayan haka kowa ya koma ya yi wa ikilisiyarsa, a nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, da zumuntar mata a ciki, domin su ne ake ƙwace wa tandu. A samu mai murya mai kyau ya ɗauki bayanin a waya, gajere, da Hausa, a sake shi ta hanyar da wancan yake bi. Makarantunmu na koyon Littafi Mai Tsarki su ba tarihin yadda aka tattara littattafan nan lokaci isasshe, domin mai bishara da za a tura ƙauye yau zai gamu da wannan tambaya kafin ya gama sauke kayansa.

A kuma sa ƙa'ida a kan bagadi. Mai wa'azi yana iya kawo labari daga Makabiyawa ko Anuhu ko wani littafi, amma ya faɗi inda ya samo, ya kuma faɗa cewa ba Nassi ba ne. Kada ya ce “Allah ya ce” a kansa, kada ya kafa doka da shi, kada a sa kowa ƙarƙashin horo da hujjar da ba ta cikin Littafi. Yaron da ya zo da tambaya kuma a ba shi kujera. In fasto bai da amsar a ranar, ya ce masa su haɗu Lahadi mai zuwa, ya kuma cika alkawari.

Ku fara da mu malaman makarantar Lahadi, domin wurinmu tambayar take fara zuwa. Ku sa rana ku kira mu, za mu zo da Littattafanmu da abin rubutu.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Ɗanku cikin Almasihu,
wani malamin makarantar Lahadi daga ƙasar Sumaila